Mafarkin da Na Yi Bayan Na Sauya wa Ƙanwata Idon Kyamarar Baba

Daren jiya na yi wani mafarki da ya hana ni karyawa yau da safe. A nan zan faɗe shi, don ba zan iya faɗa wa matata ba, ita da ƙanwata Bilki bakinsu ɗaya. Amma sai na fara tona wa kaina asiri tukuna, in ba haka ba ba za ku gane kan mafarkin ba.

Ni mai gyaran kyamara ne a Zariya, tsofaffin nan masu cin fim da aka taɓa watsarwa, yanzu kuma samari masu abin hannu suka dawo suna nema ido rufe. A wurin mahaifinmu na koya, Allah ya jiƙansa. Shi mai hoto ne, kuma yana da wani idon kyamara, wato gilashin nan da ake murɗawa a gaban kyamara, baƙi, mai nauyi, wanda ya fi ƙauna a duk kayansa. Gwaggo yake kiransa, wai don tsohuwa ce mai yawan ciwo. Duk damina sai fumfuna ta tsiro a cikin gilashinta, sai an buɗe an wanke. Amma in ta ɗauki fuskar mutum, ko mummuna ne sai ya biya kuɗin hoto yana murmushi.

Tun ina yaro ni ke buɗe Gwaggo, ni ke wanke ta, ni ke sa mata giris. Da Baba ya ji ciwonsa ya yi nauyi, sai ya kira Bilki, autarmu, ya ɗora mata Gwaggo a hannu ina tsaye ina kallo. Ni kuwa ya bar min tebur, da akwatin sukundireba, da wata allura. Yau Bilki tana Abuja tana ɗaukar hotunan bukukuwan manya. Duk hoton da ta sa a shafinta sai ta rubuta, “da idon Babana.” Jama'a kuma su yi ta zuba mata albarka, wai ta gaji mahaifinta. Ba wanda ya taɓa tambayar wa ke cire fumfunar. Kishi nake yi da ita, kishi mai zafi, kuma na gaji da kiransa da wani suna.

Makon jiya ta aiko da Gwaggo a gyara, ta ce yau za ta zo karɓa. Kwana biyu na gama. Sai ga shi a cikin wasu tsofaffin kaya da na saya na tsinci irin Gwaggo sak, kamfani ɗaya, girma ɗaya, sai dai wannan lafiyarta ƙalau, ko ɗigon fumfuna babu. Jiya da la'asar na kwance zoben bakin Gwaggo, mai lotsewar nan da ya yi ranar da Baba ya faɗi da keke, na ɗaura wa ɗayar. Da wannan lotsewa Bilki ke gane kayanta. Abin da ya rage na shaida yana ciki, inda ba za ta taɓa gani ba. A sana'armu, kafin ka raba gangar ido biyu, sai ka ja ɗan layi da allura daidai inda suka rabu, don in ka mayar da su ba daidai layin ba, idon zai ga na kusa amma ba zai ga na nesa ba. Layin da Baba ya ja da hannunsa yana nan a cikin Gwaggo ta gaskiya. Na nannaɗe ta jabun a ƙyallen Bilki, na sa ta gaskiyar a aljihun tebur, na tafi gida.

To ga mafarkin.

Na gan ni a tsohon shagon Baba, amma babu rufi, rana tsaka tana dukan ƙasa. Labulen da ake tsayawa a gabansa yana nan, mai zanen jirgin sama da furanni. Mutane sun yi layi har waje, duk waɗanda Baba ya taɓa ɗauka ne, kuma ba su da launi, fari da baƙi ne kamar yadda suke a hotunan. Kowa ya ɗora hannuwa a gwiwa yana jira. Bilki ce a tsaye inda Baba ke tsayawa, Gwaggo na rataye a wuyanta, suna ta ce mata, “Sannu Mai Hoto, sannu Mai Hoto.” Sunan da ake kiran Baba ke nan. Ni ina can lungu a teburina, duk wanda ya shigo sai ya tuɓe takalmansa ya ajiye min a gaba. Na miƙe na ce, “Ni ne fa babba.” Ba wanda ya waiwayo. Na sake faɗa da ƙarfi, sai wata tsohuwa ta miƙo min silifas ɗinta.

Sai kawai na ga Bilki a gabana ta miƙo Gwaggo. Na karɓa da dama, na miƙa mata ta jabun da hagu. Ta shafa lotsewar zoben da babban yatsa, ta ce, “Na gode, Yaya.” Ta juya ta nufi labulen, ta taka matakalar jirgin nan na zane, ta shiga. Jirgin ya tashi a cikin labulen har ya fita ta gefe, ya bar furannin kawai. Ba zan yi muku ƙarya ba, daɗi na ji. Na rungume Gwaggo a ƙirji ina dariya ni kaɗai.

Sai kawai na tsinci kaina a kan dutsen Kufena, da teburina da komai. Na ɗaura Gwaggo a kyamara, na kai idona. Na ga tururuwa a kan dutse, har gashin ƙafarta. Na ga layukan tafin hannuna. Da na ɗaga zuwa hanyar da ta fito daga Kaduna, sai komai ya narke, ba mota, ba mutum, sai fari-fari kamar an zuba koko a kan gilashi. Na murɗa, na murɗa, ta ƙi. Na ce bari in buɗe in gyara. Na fara kwancewa, gangar tana ta juyawa a hannuna, ba ta fita ba kuma ba ta tsaya ba.

A nan na ji tarin Baba. Yana zaune a bencinsa na shago a gefena, da hularsa ta aiki, bai dube ni ba, hanya yake kallo. Ya ce, “Ka yi alama kafin ka raba?” Na lalubi allurar a aljihu, babu. Na buɗe baki in ce ai alamarka tana ciki, maganar ta ƙi fita.

Sai kawai ruwa ya sauko. Ya ɗauke, ya sake saukowa. A ƙasan dutsen ina ganin masara tana tsirowa, ta yi goyo, a girbe, wata ta sake tsirowa, duk a zama ɗaya. Duk lokacin da aka girbe sai Baba ya ce, “Bilki ta zo?” Ba ni yake tambaya ba. Fumfuna ta fara fitowa a cikin Gwaggo, siririya kamar yanar gizo-gizo. Na goge da auduga, ta dawo. Na goge, ta dawo. Can ta fito ta bakin gilashin ta hau yatsuna, ta bi tebur, ta rufe akwatin sukundireba. Ina ta gogewa, Gwaggo tana hannuna, tawa ce ni kaɗai, amma ba kowa a kan dutsen da zan ɗauka. Da na juya in ɗauki Baba, benci ne kawai.

Daga nesa na hango wata mace a kan hanya da jaka a kafaɗa. Tafiyar Bilki ce, mai saurin nan kamar ana binta. Na kai kyamara idona don in tabbatar, na murɗa iya ƙarfina, fuskar ta ƙi fitowa. Ta iso mararrabar da ake juyowa zuwa shagona, ba ta ko rage sauri ba, ta wuce. Na ƙwala mata kira. A kan kiran nan na farka, matata tana girgiza ni, wai tun ɗazu nake murɗa bakin matashin kai.

Bayan sallar asuba na zauna na yi wani lissafi da ban taɓa yi ba. Shekara shida ke nan da rasuwar Baba. Sau shida Bilki ta taka Zariya, duk a ƙarshen damina, duk saboda Gwaggo. Sallah a waya muke yi. Suna da biki, saƙo take aikowa. Amma in Gwaggo ta kwanta, dole ta zo da ƙafarta, don ta ce ba ta yarda direba ya riƙo mata ita a dawowa ba. Takan zauna a bencin Baba ta ci dambun matata, mu yi faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, ta yi ta kallon hannuna ina ɗaure kusoshi. Bara har ta ce, “Yaya, yadda kake riƙe sukundireba, wallahi sai in ga kamar shi.” Na yi kamar ban ji ba, don haushin motar da ta zo da ita nake ji. Ita kuwa ta jabun da na nannaɗe mata, na san aikina, za ta iya yin shekara goma ba ta nemi a buɗe ta ba.

Yanzu haka ina shago. Ɗazu saƙonta ya shigo: “Yaya, na wuce Kaduna, bayan azahar ina nan. Ka ce wa Anti ta sa min yaji da yawa. Ya jikin Gwaggo?” Na kife wayar. Ga Gwaggo da ta jabun nan su biyu a kan tebur, mayar da zoben ba zai ci minti biyu ba. Na ɗauki sukundireba sau uku ina ajiyewa, domin har yanzu zuciyata tana cewa ni na fi cancanta, ni na yi mata wahala, kuma ban ga ranar da zan daina jin haka ba.

Masu sanin fassarar mafarki, don Allah ku taimaka min kafin a kira azahar. Me ya sa Gwaggo ta ƙi ganin nesa a hannuna? Kuma shi Baba, da ya tsallake ni ya ba Bilki, don ta fi ni ne, ko kuwa ya san tsohuwar nan mai ciwon damina ce kaɗai za ta riƙa kawo min ƙanwata har ƙofar shago?