Kunyar Ɗan Fari

A hawa na biyar muke zaune a unguwar Ard al-Liwa ta birnin Alƙahira, ɗaki biyu da baranda wadda ko tabarma ba ta ɗauka. Mijina yana karatun fiƙihu, ni kuma ina fama da ɗan farinmu, yaro ɗan shekara huɗu da bai taɓa yin gudu a miƙe ba. Daga wannan bango sai wancan. In na sauko da shi titi, masu tuk-tuk, wato a-daidaita-sahunsu, ne ke neman kwashe shi. Shi ya sa da na ji labarin wata makarantar yara a unguwar Dokki mai koyarwa da Larabci da Turanci, ba harsunan ne suka ja ni ba. Filin ne: ciyawa, lilo, da bishiyar mangwaro. Gurbi ɗaya suke bai wa 'ya'yan ɗalibai baƙi, kuma ƙuri'a ake yi.

Da bakina na kai wa maƙwabciyata labarin. 'Yar Gusau ce, ni na tarbe ta ranar da ta sauka Alƙahira, ni na zauna mata jego. "Yaya" take ce mini. Ɗanta takwaran ɗana ne, 'yan watanni tsakaninsu.

Ranar ƙuri'a shugabar makarantar ta ce kowace uwa ta rubuta sunan yaro da ƙasarsa kawai. Lallen da na ƙunsa bai gama fita daga babban yatsana ba, sai ya bar jan tabo a gefen takardata. Maƙwabciyata ta leƙo ta yi dariya.

"Yaya, har da hatimi kika buga wa taki?"

Aka zuba takardun a kwano, aka juya, shugabar ta zaro ɗaya. Tun kafin ta buɗe na hango jan tabon. Ta karanta sunan, ta ce daga Nijeriya, sannan ta ɗaga kai ta tambaya da Larabcinsu ina uwarsa.

A gidanmu mace ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta kuma miƙewa cikin mutane ta ce nata ne. "Yaron nan" nake ce masa tun haihuwarsa. Ga kuma matan manyan ɗalibai biyu, sa'o'in uwata, zaune a bayanmu. Sai na sunkuyar da kai ina murmushi, ina jiran abin da kowace Bahaushiya ta sani: ta kusa da ke ita ce bakinki, ita za ta nuna ki ta ce ga ta nan.

Sai maƙwabciyata ta miƙe. Ta ce, "Ana." Wato ni ce.

Aka tafa mata. Kafin in tattara hankalina in isa gaban shugabar, an riga an rubuta su.

"Khalas, madam, ma'alish," in ji ta, wato an gama, in yi haƙuri. "Na tambaya, kin yi shiru."

Ban ga laifinta ba, ina za ta san kunyarmu? Wadda ta sani ita ce ta zauna kusa da ni a motar komawa gida tana gyara mayafi.

"Kin ga tabon," na ce.

"Yaya, ni fa gani na yi kin yi shiru, na ce kada gurbin ya kuɓuce mana. Ai ɗa na kowa ne."

Da baƙuwa ce ta yi mini haka, da tuni na manta. Amma wadda ta ci tuwona ta san inda nake da rauni, kuma daidai nan ta taka. Na ji zafin abin har cikin ƙashina. Muna gaisawa a matakala bayan nan, gaisuwar da ba ta wuce leɓe.

Da sanyi ya shigo, wata hidima ta kai ni Dokki tare da yaron, hanya ta bi da mu ta gefen shingen makarantar. Yara na ta tsere a kan ciyawa. Sai wata malama ta ɗaga murya ta kira takwaransa. Yaron nan ya fizge hannunsa daga nawa, ya ruga ya kama ƙarfen shingen.

"Na'am! Umma, ni ake kira!"

Na ce zo mu tafi, bai ji ba. Na ce kai yaron nan, ko waiwaye. A nan, a tsakiyar titi, na buɗe baki na kira ɗana da sunansa, karo na farko a rayuwata. Yara biyu suka juyo, ɗaya a ciki, ɗaya a waje.