Haƙori Ɗaya a Sarƙar Inji

Shekarar da idon maigidana ya fara mutuwa, akwai wata tsohuwar motar tsere, ja, mai ƙofa biyu, ajiye a tsakar gidanmu a Malanville. Wurin wani ɗan duwan, wato ma'aikacin kwastan, da ya yi ritaya ya samo ta, ba ta ko tashi. Shi makanike ne, shekara talatin yana gyaran manyan motocin da ke ƙetara gada zuwa Gaya, amma wannan ita ce tashi ta kanshi. Ya gyara mata komai sai abu guda: tana tashi, amma ba ta da ƙarfi. In aka taka ta sai ta yi ta tari, 'yan kabu-kabu suna wuce ta.

Da ganinshi ya ƙare, ƙannenshi suka ce a saida ta ga masu sayen ƙarfe. Tun daga ranar ya daina cin abinci sosai. Wata safiya na iske shi ya dafa bonet yana shafawa.

"Malam, mi ya rage mata ne?" na tambaye shi.

"Haƙori ɗaya, Hajiya. Kunnena ya gaya mini. Sarƙar inji ta zame da haƙori ɗaya, supap, 'yan ƙofofin da inji ke shaƙar iska da su, suna buɗewa a makare."

"To ga idona, ga hannuna. Gwada mini."

Ya yi dariya, don ni tuwon shinkafa nike saidawa a bakin kasuwa, ban taɓa riƙe sifana ba. Na ɗaure zane, na tsaya ban gusa ba, har ya ce in ɗauko akwatin kayan aiki.

Kwana biyu muka yi ina kwance murfin inji kawai, yana laluben kowane noti kafin in sa mishi sifana. Ya kama yatsana ya aza bisa wata doguwar sanda mai ƙulle-ƙulle. "Wagga ita ce arbarakam. Ita ke buɗe supap, iska da mai su shiga, hayaƙi ya fita. In ta makara, mota ta yi sanyi." Ya sa na cire buji, wato fulogi, na farko, na zura tsinken tsintsiya a ramin, shi kuma yana juya injin da hannu a hankali, fistin yana turo tsinken sama. Da tsinken ya kai ƙarshen hawanshi na ce ya tsaya.

"Duba faifan haƙora. Akwai 'yar alama. Tana daidai da ta jikin inji?"

Na goge baƙin mai da tsumma. "Ba ta kai ba, Malam. Saura kamar faɗin ƙwayar shinkafa biyu."

"Na gaya miki!"

Na sassauta abin da ke tsuke sarƙar, na ɗaga ta, na matsa da ita, muka rufe. Da aka tada ta sai ta yi wata ƙara kamar bindiga, kaji suka watse, maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana salati. Ashe baya na kai sarƙar, ba gaba ba. Hannuna duk ya fashe, ga tuwon ranar ban yi ba. Ya ce in bari haka nan, na yi ƙoƙari. Na ce wallahi ba ni barinta tana yi mini dariya cikin gidana.

Washegari bayan asuba na sake buɗewa. Wannan karon da alli na yi wa haƙoran shaida, na ƙirga a fili yana saurare: ɗaya, biyu. Alamomin suka haɗu. Ya juya injin da hannu sau biyu, ya tabbatar babu inda ya cije, sannan ya ce in murɗa makulli.

Ta tashi lafiya lau, muryarta ta zauna. Ya daɗe da kunnenshi kusa da inji, sannan ya ce a kira ƙanena, wanda ya iya tuƙi.

Kujera biyu gare ta, don haka ni a ƙofar gida na tsaya suka kama hanyar Guéné. Ƙanena ya ce tun daga fitarsu gari Malam ke cewa "taka ta, taka ta," har suka wuce wata motar albasa, ya fiddo hannu ta taga yana ɗaga wa direban da bai gani ba. Da suka komo ya ci tuwo malmala biyu, ya ce gobe mu duba birki.