Girar Don Olegario Ta Koyi Ƙarya

Duk wanda ya taɓa sayen nama a unguwarmu ta Villaguay ya san Don Olegario Techera, mahaucin da ba ya tauye awo. Shekara arba'in yana buga kartar truko shi da Pocho, mijin ƙanwarsa, kullum ɓangare ɗaya. Ba sa buƙatar magana. Olegario ya ɗaga gira, Pocho ya san babbar karta ta zo. Ya cije leɓe, matsakaiciya ce. Ya runtse ido biyu, babu komai a hannu. Ni ke riƙe da kantin kulob ɗinmu, na sha ganin sun wanke samari tas.

Da Pocho ya rasu, Olegario ya ɗauke ƙafa. Truko sai da abokin wasa, shi kuwa ya rantse ba zai sake ɗaga wa wani gira ba. Wata tara yana ƙunshe a ɗaki, ya rame, gemu ya cika masa fuska. Gaskiya mun tsorata, muna ganin zai bi abokinsa.

Wata Lahadi da la'asar sai ga ƙanwarsa Zulma, matar marigayin, ta jawo shi kulob tana ta faɗa.

"Haba Yaya! Ni da na rasa miji ina fita, kai da ka rasa abokin karta ka shiga takaba?"

"Ba ni da abokin wasa, Zulma."

"Wannan ba ya son aboki. Foka sunansa, kowa tasa ta fisshe shi. Zauna."

Tsofaffi huɗu ne a teburin, kowa da kofin wake a gabansa a madadin kuɗi, ƙoƙon shayin mate yana zagayawa. Zulma ta fara koya masa.

"Biyu a hannunka, biyar a tsakiya na kowa da kowa. Biyu iri ɗaya sun doke mai wofi, uku sun doke biyu. Ko ka bi, ko ka ƙara wake, ko ka zubar."

"Shi ke nan? Ai wasan yara ne."

"Saura ɗaya: ka ɗaure fuska."

To, hali zanen dutse. Rabon farko ya leƙa hannunsa, girar nan ta yi sama da kanta. Kowa ya zubar da kartarsa. Chiche, tsohon direban bas, ya riƙe ciki.

"Mun gode da sanarwa, ranka ya daɗe!"

Haka aka yi ta yi. In ya cije leɓe su bi shi a hankali, in ya runtse ido su yi masa taron dangi. Wakensa ya yi ta zagwanyewa har ana ganin gindin kofi. Ni dai hankalina ya tashi, don na san zuciyar mutumin: in ya tashi da kunya yau, ba za mu ƙara ganinsa ba.

Aka sake rabawa. Ya leƙa, gira ta yi sama, ya tura ragowar wakensa duka tsakiya. Chiche ya zubar, sauran ma haka. Zulma ta daɗe tana hararar yayanta, sannan ta yi tsaki ta zubar da sarauniya biyun da ke hannunta.

Olegario ya buɗe hannu a hankali. Biyu da bakwai, tarkacen da ko kare ba zai shinshina ba.

Sai dariyar nan tasa ta ɓarke, wadda rabonmu da jin ta tun kafin jana'iza. Daɗi ya kama ni har na ƙona hannu da butar ruwan zafi.

Zulma ta fizge hularsa tana maka masa.

"Maƙaryaci! Shekara arba'in girar nan ba ta taɓa yin ƙarya ba!"

Ya share hawayen dariya da bayan hannu.

"Pocho ne ba ta yi wa ƙarya. Ku kuwa ku kuka da kanku."

Ya jawo tulin waken gabansa da hannu biyu, ya gyara zama, ya miƙa hannu a ba shi ƙoƙon shayi.

"Raba mana, Zulma, kina ɓata mini lokaci."