Tambayar Sista a Kan Ɗakin Haihuwa

Ko bayan an zaɓe ta, babu wanda ya iya daina kiranta Sista. Direban da majalisa ta ba ta ya gwada “Onarabul” na 'yan kwanaki, ya ga ba ta waigowa, ya koma wa sunan da kowa ya sani. Ta yi shekara ashirin da wani abu tana aikin jinya a ɗakin haihuwa na ƙaramin asibitin unguwarsu. In ta bi layi da yamma, rabin yaran da ke buga ƙwallo a hannunta suka yi kukan farko. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, tana tafiya da sauri kamar wadda ake jira. Har yau a ƙirji take maƙala agogonta, ba a hannu ba.

Ba sha'awar siyasa ce ta kai ta majalisa ba, rufin ɗakin haihuwar ne. Wata damina silin ya sha ruwa, ya kumbura, ya rufto a kan gadaje, Allah ya taimaka babu kowa a kai. Aka sa wa ɗakin kwaɗo, aka ce na ɗan lokaci ne. Tun daga ranar, duk matar da naƙuda ta kama sai an ɗauke ta zuwa babban asibiti a ƙarshen gari, a ratsa kasuwa, a tsaya a cunkoson gada. Sista ta karɓi haihuwa a bayan motar haya ba sau ɗaya ba. Da zaɓe ya matso, jam'iyya mai mulki tana neman wanda mutane ba za su yi wa ihu ba, matan unguwa suka ce ga Sista nan. Ita kuma ta gaya wa mijinta abu ɗaya za ta je yi, a buɗe ɗakin.

Mijin nata bakanike ne, mai son zolaya. Ya ce, “Ke da ko ragi ba ki iya nema a kasuwa, ke ce za ki yi faɗa da gwamnati?”

“Ba faɗa zan yi ba, Malam. Tambaya zan yi.”

“To, Allah ya ba da sa'a, ranki ya daɗe. In kin zama babba ki tuna da mu 'yan baƙin mai.”

Zauren majalisar ya fi ɗakin tiyata sanyi, sai da ta riƙa zuwa da rigar sanyi a jaka. Kujeru ne jere-jere sun kewaye kujerar Kakaki, kowace da ƙaramin makirufo mai jar fitila. Sau ɗaya a mako ministoci ke zuwa amsa tambayoyi. Ɗan majalisa zai miƙa tambayarsa a rubuce wurin akawu, ya jira layi ya zo kansa, wani lokaci a yi watanni. Ranar da ya zo, minista zai karanta amsa, sannan a ba mai tambaya minti ɗaya ya ƙara tambaya guda. Lokaci na cika fitilar za ta mutu, muryar mutum ta ɓace, ko da a tsakiyar kalma yake.

Ranar da layi ya zo kanta, ministan lafiya ya miƙe da takarda. Ya ce gwamnati na sane da halin da ɗakin yake ciki, ana nazari, kuma za a ɗauki mataki nan ba da jimawa ba. Kakaki ya dube ta. Ta miƙe, fitila ta kama, sai ta yi abin da aka tarbiyyantar da ita a kai. Ta gaida Kakaki da mataimakinsa. Ta gaida minista, ta yi masa sannu da dawowa daga tafiya, ta gode masa da ya samu lokaci. Ta gode wa mutanen mazaɓarta. Tana cewa, “Abin da nake so in sani shi ne,” fitilar ta mutu. Kakaki ya kira tambaya ta gaba.

Wani ya yi dariya a baya. Ta zauna.

Maƙwabcin kujerarta dattijo ne da ya daɗe a majalisar har ake ce masa Tsohon Gida. Ya miƙa mata alewar minti daga aljihu, ya ce ƙasa-ƙasa, “'Yata, a nan ciki ba a gaisuwa. Ki gaishe shi a waje har ki gaji. Amsar farko ma'aikatansa suka rubuta masa, ba tasa ba ce. Ta biyun ce tasa, ita kuma kin bar masa kyauta.”

A gida ta tarar labari ya riga ta, domin an ji zaman a rediyon gareji. Mijinta ya tare ta a ƙofa yana goge hannu da tsumma. “Sannu da aiki, ranki ya daɗe. Wallahi minista ya sha gaisuwa, ko surukarsa ba ta taɓa yi masa irinta ba.” Ta yi murmushi ba don ta so ba. Wadda ba ta yi dariya ba ita ce ungozomar da suka yi aiki tare, wadda har yanzu take awon ciki a barandar asibitin. Ta bugo waya bayan kwana biyu, ta ce matar mai gyaran takalma ta haihu a kan gada. Uwar na nan lafiya. Jaririn bai zo da rai ba.

Sista ta sake miƙa tambayar, ta koma bayan layi. A watannin jiran nan ta yi abin da ta fi iyawa, ta zuba ido. Ta lura ihu ba ya damun minista ko kaɗan. Ɗan adawa zai buga tebur, ya kira gwamnati sunaye, minista ya gyara tabarau ya mayar masa da martani, kowa ya tafi gida da jin ya yi nasara. Abin da suke gudu ɗaya ne, su ambaci lokaci. Duk abin da aka faɗa a zauren ana rubuta shi, kuma akwai kwamitin da aikinsa shi ne bibiyar alkawuran gwamnati. “Nan ba da jimawa ba” ba alkawari ba ne, ba a iya bibiyarsa. Amma in minista ya kira wata, ya ɗaure kansa.

Abin bai yi mata baƙo ba. A ɗakin haihuwa ba a tambayar mace “ya jiki?”, domin ko tana cizon zani za ta ce da sauƙi. Tambayar da ake yi ita ce, “Yaushe ciwon ya fara?”

Ana saura kwanaki layinta ya zo, mai tsawatarwa na jam'iyyarsu ya shigo ofishinta. Shi ne ke tabbatar da 'yan jam'iyya ba su bauɗe ba. Ya zauna ba tare da an ce ya zauna ba.

“Hajiya, minista fa namu ne. Irin wannan matsin ki bar wa 'yan adawa, aikinsu ne. Ki janye tambayar, in kai ki ofishinsa ku sha shayi, a gama magana cikin mutunci.”

“Na sha shayinsa, ranka ya daɗe. Da daɗi kuwa. Ya yi mini alkawari a can, amma ba wanda ya rubuta.”

“To ki yi tambayar yadda kika yi ta wancan karon. Ai kowa ya yaba da ladabinki.”

Ta ci gaba da gyara takardun da ke gabanta.

Ya miƙe ya kama hannun ƙofa. “Zaɓe na tafe, Hajiya. Kin san wurin wa ake karɓar tikiti.”

“Na sani,” in ji ta.

Ranar zaman ta zo da wuri, ta tsaya a farfajiya har minista ya iso da mutanensa. Ta gaishe shi gaisuwa mai kyau, ta tambayi iyali da jikin mahaifiyarsa da aka ce ba ta da lafiya. Ya ji daɗi ƙwarai, ya shiga zaure yana murmushi. Da aka zo kan tambayarta ya karanta amsa kusan irin ta baya, sai dai yanzu nazarin ya yi nisa.

Sista ta miƙe.

“Mai girma Kakaki, a wane wata za a buɗe ɗakin?”

Ta zauna. Jar fitilar ta ci gaba da ci ita kaɗai, ba mai magana.

Minista ya ce, kamar yadda ya bayyana, nan ba da jimawa ba. Tsohon Gida, wanda kowa ya ɗauka gyangyaɗi yake, ya ce da ƙarfi, “Wata aka tambaya, ranka ya daɗe.” 'Yan adawa suka ɗauka, “Wata! Wata!” Kakaki ya buga guduma, ya leƙo ta saman tabarau ya ce, “Mai girma minista, tambayar gajera ce.” Minista ya waiwaya wurin ma'aikacinsa, ma'aikacin ya sunkuyar da kai. Minista ya ce, “Kafin ƙarshen Maris.” Masu rubutu suka rubuta.

Maris ya zo ya wuce, kwaɗon na nan. Sista ba ta yi mamaki ba. Ta kai maganar gaban kwamitin bibiyar alkawura, aka kira minista ya zo ya yi bayani a gaban 'yan jarida. Bai dube ta ba ranar, an dai karanta masa maganarsa. Cikin makon nan motar kwano da katako ta tsaya a ƙofar asibitin.

Tikitin kuwa wani aka ba. Mijinta ya ce ai gara haka, ya gaji da sa farar riga don raka ta taro.

An buɗe ɗakin tsakiyar damina. Sabon ɗan takarar jam'iyya ne ya yanke ƙyalle, ita ba a gayyace ta ba. Washegari da safe ta je da lema, ana ruwa. Ɗakin na warin sabon fenti. Ta tsaya a tsakiya ta ɗaga kai, ta bi silin da kallo daga kusurwa zuwa kusurwa, ta shafa bangon da ruwa ya saba bi. A bushe yake.

“Onarabul, duba aiki aka zo?” in ji ungozoma daga bakin ƙofa, tana riƙe da wata mata mai tsohon ciki da ke dafe da ƙugu.

“An hana ni tikiti, ba ki ji ba? Kawo ta nan.”

Suka kwantar da ita a gadon da ke kusa da taga. Matar ta fara gaishe ta cikin nishi, tana tambayar mutanen gida. Sista ta ajiye lema, ta ɗaga agogon ƙirjinta.

“Bari gaisuwar, 'yata, ma yi daga baya. Yaushe ciwon ya fara?”