Muryar Kawu Kafin a Gyara Ta

Kawuna mai aski ne, kuma a hannu Allah ya ba shi baiwa. A maƙogwaro kuwa bai ba shi ko ɗigo ba. Shekara da shekaru yana rera waƙa a kan kawunan mutane, ba wanda ya taɓa ce masa uffan, don mai hankali ba ya kushe mutumin da ke riƙe da reza a gefen kunnensa.

Da ƙanena ya buɗe situdiyon ɗaukar waƙa a wani ɗan ɗaki da ya manne wa bango katifu, Kawu ne ya fara zuwa. Ya tsaya gaban makirfo ya saki murya. Ƙanena ya ga abin a kwamfuta, layin muryar ya karkace kamar hanyar tururuwa. Kunya ta hana shi gaya wa Kawu gaskiya. Ya zauna yana jan kowane sauti da linzamin kwamfuta yana ɗora shi inda ya kamata, sannan ya fitar da waƙar tas. Kawu ya saurara, idonsa ya ciko.

"Ashe haka nake?" in ji shi.

"Haka kake, Kawu."

Daga nan muka shiga uku. Waƙa ta bi waƙa, duk wanda ya zo aski sai ya ji ta dole. Muna ta dariya a bayan idonsa, har ranar da matarsa ta zo mana a firgice. Ta ce Kawu ya samu mai sayen shagon askinsa, wai zai koma waƙa gaba ɗaya. Shagon nan kuwa shi ke ciyar da gidan.

Na tasa ƙanena a gaba na ce tunda shi ya ɗaura, shi zai kwance. Ya kira Kawu, ya cire gyaran, ya kunna masa muryar yadda ta fito daga bakinsa.

Kawu ya kwashe da dariya har da dukan cinya. "Kai! Wane jaki ne wannan? Yaro, ka ji tsoron Allah ka gaya masa gaskiya."

Ba wanda ya taya shi. Waƙar ta ci gaba, aka zo baitin da yake yabon matarsa. Dariyar ta tsaya. Wallahi tausayinsa ya kama ni, har na ji haushin kanmu.

"Duk kun sani?"

Muka sunkuyar da kai.

"Har ita?"

"Ita ce tun farko ta roƙe ni kada in faɗa maka," in ji ƙanena. "Ta ce ba ta taɓa ganinka cikin farin ciki irin wannan ba."

 Kawu ya miƙe ya ɗauki hularsa.

"Ku ce wa mai saye na fasa. Kai kuma ka goge jakin nan, ka tura min ta ƙaryar a waya. In na mutu, ita za ku riƙa kunna wa jikokina."