Wanda na aika wurin surukina

Sanƙarau ya kama 'yata ta fari tun kafin ta isa shiga makaranta. Ta warke, amma ta tashi ba ta ji. Ni malamin firamare ne a Batsari, ina wuni koya wa 'ya'yan mutane baƙi da wasali, in dawo gida in tarar da tawa a bakin ƙofa tana kallon bakina, ban san yadda zan koya mata ko harafi ɗaya ba. Abin da muka iya ni da ita nuni ne da hannu: ci, sha, zo, bari. Ranar da take son gaya mani abin da ya wuce waɗannan, sai ta yi ta jan rigata har ta gaji ta fashe da kuka.

Shi ya sa na shiga neman digiri na biyu a fannin koyar da masu buƙata ta musamman. Barin gida ba zai yiwu ba, ga aiki, ga gona a Karare, ga iyali, don haka wanda ake yi daga gida ta intanet nake nema. Akwai wata darbejiya a bayan ajina, nan ne kawai sabis ke da ƙarfi. Da an fita tara sai in je in tsaya ina ɗaga waya sama kamar mai kakkaɓo mangwaro. Wasu jami'o'in su rubuta karatu daga gida da manyan baƙaƙe, in ka karanta ƙasa ka ga so suke ka tattara komatsanka ka tare can. Na sha wahala kafin na dace da wadda darussanta duka ta waya ne, har da maganar hannu ta kurame. Sharaɗinta guda: zango ɗaya na gwajin koyarwa a makarantar kurame, kuma sai ofishin ilimi ya sake ka. Ofishinmu kuwa malami ɗaya yake saki a shekara.

Mai sa hannu a ofishin surukina ne, mahaifin matata. Wanda bai san mu ba zai ce ai ta kwana gidan sauƙi. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba. In na hango shi a kasuwa sai in sake layi. In gaisuwa ta kama, tun daga nesa nake cire takalmi, in durƙusa, in gaishe shi, in tashi. To ta ina zan buɗe baki in roƙe shi, kuma a kan 'yar fari, wadda ko sunanta ba na kira a gaban manya? Matata ma kunyar ta ɗaure ta, ba za ta yi wa mahaifinta zancen 'yar fari ba. A wurinmu irin wannan magana aike ake yi.

Na zaɓi abokina ɗan Safana, malami kamar ni a ƙarƙashin ofishinmu. Tare muka yi kwaleji, shi ne babban abokin ango a bikina, ya san gidan surukina kamar gidansu. Na kai shi gindin darbejiyar, na nuna masa komai a wayata, daga yadda ake nema har zuwa sharaɗin.

"Ka faɗa ma Baba don yarinyar nan ne," na ce masa.

"Haba mutumina, wanga ai ƙaramin abu ne. Ka ɗauka an gama."

Har mai na zuba masa a babur. Da ya dawo sai ya ce mani Baba ya ce a yi haƙuri, bana an riga an ba wani, sai baɗi. Na yi masa godiya. Daga nan ya fara wuyar gani. Ana cikin haka na ji a bakin shugaban makarantarmu cewa malamin da aka saki bana abokin nawa ne. Na kira shi, ya ce zai zo mu zauna ya yi mani bayani, bai zo ba. Duk da haka na yi ta nema masa uzuri a raina, ina cewa ƙila Baba ne ya ba shi, shi kuma ya kasa musu.

Da Sallah muka je gaisuwa gidan surukina a Safana. Matata ta shige ciki, yarinyar ta maƙale mani, muka durƙusa a zaure. Shi ma Baba ba ya yi mani magana kai tsaye. In yana son in ji abu, ƙanensa yake gaya wa ina wurin. Ya dubi jikarsa, sannan ya juya ga ƙanen nasa.

"Yaron nan abokinsu, Allah shi yi mashi albarka. Ya zo mani har da ƙwalla, wai tausayin jikata ya hana shi sakat, shina so ya koyo yadda za ya karantar da ita. Ba ɗiyarshi ba ce fa. Ni ina ta jira in ji daga wanda ya haife ta, ko aike ban gani ba."

Ashe abokin nawa bai tsaya ga ƙwace gurbin ba, da 'yata ya roƙa, da kurmancinta, da kalmomin da na sa masa a baki. Ban taɓa jin an ci amanata kamar ranar ba. Gaskiyar tana kan harshena, ƙanen Baba yana kallona, amma abin da ya fito shi ne, "Allah shi ƙara girma."

Abokin nawa ya gama karatun tuni, yana wani ofis a Katsina, bai sake taka gidana ba. Ban yafe ba, kuma ba na ɓoyewa. Amma abin da ya fi tsaya mani a rai shi ne fitowarmu daga zauren. Yarinyar ba ta ji ko kalma ɗaya ba, fuskata kawai ta gani. Ina sa takalmi ta kama rigata tana ja, tana buɗe tafin hannu, tana tambayata me ya faru. Na duba cikin ɗan abin da na iya gaya mata, na ɗaga hannu na yi mata alamar bari.