Tagar Gwaggo

Ɗan Gwaggona, wanda duk layinsu ke kira Fikis, haɗa tagogin gilashi ne aikinsa. Turancinsa kaf kalma ɗaya ce, amma ya more ta har ta suɗe. A zanen wani injiniya ya tsinto ta: fixed. Ni da na kai aji uku kafin makaranta ta gaji da ni, ni ya kawo wa takardar. Na gyara murya na ce masa ma'anarta kafaffen abu, wanda aka dasa don ya zauna, ba ya buɗuwa, ba ya gusawa. A sana'arsu kuwa taga ce da ake liƙe gilashinta gaba ɗaya, haske ya shiga, iska ta tsaya waje.

Tun daga ranar muka shiga uku. Kujerarsa fikis. Lokacin shayinsa fikis. Hular kansa kuwa, na rantse, da ita ungozoma ta karɓe shi. Idan ya kafa ƙusa a gidanka, jikokinka ne za su yi faman cire ta.

Da ƙafafun Gwaggo suka daina ɗaukar ta, duniyarta ta koma gadonta da tagar da ke kallon lungu. Tsohuwar tagar katako ce, ta fi kwando huji, kuma Gwaggo ga tari. Fikis ya ciro ta, ya saka gilashin da ya fi kowane kauri a shagonsa, ya bi gefe huɗu da gam.

"Inna, wannan fikis ne. Ba sauro, ba sanyi, ba ɓarawo."

"Allah ya yi albarka," in ji ta, tana shafa gilashin.

Abin da bai lissafa ba shi ne Mai Saƙa, tsohuwar da ke bayan gidansu. Shekara talatin, kullum da hantsi, tana jingina gwiwar hannu a wannan taga, ita da Gwaggo su sassaƙe unguwa tas. Ƙofar gidan sai an zagaya layi guda an hau matakala, Mai Saƙa kuma gwiwoyinta tuni suka yi murabus daga hawa da doguwar tafiya.

Sati biyu Gwaggo na tsakurar abinci tana ture kwano. Likita ya duba bai ga komai ba. Ni na gani, ranar da na je gaishe ta: tsofaffi biyu, ɗaya ciki ɗaya waje, suna motsa baki kamar kifi. Na wuce shagon Fikis.

"Injiniya, sannu da ƙoƙari. Ka saka uwarka a kwalba ka murɗe murfi."

"Kai dai ba ka da aiki sai surutu."

"Ina da shi. Gobe da hantsi zan kai ka kallo kyauta."

Ya zo. Muka laɓe a bakin lungu. Mai Saƙa ta gaji da motsa baki, sai ta ɗora tafin hannunta a gilashin. Gwaggo ta lallaɓo ta ɗora nata daidai wurin. Suka tsaya haka. Na juyo da tsiyata a baki, na ga idon Fikis, sai na haɗiye ta.

Bai taɓa kwance aikinsa ba sai ranar. Wuƙa biyu gam ɗin ya karya masa, ni ina riƙe da tsani ina yaba ingancin aiki. Kafin yamma ya saka taga mai murfi biyu, sakatarta can ƙasa inda hannun Gwaggo zai kai tana kwance. A waje kuma ya haƙa rami huɗu ya dasa benci, ya zuba siminti.

"Iya," ya ce wa Mai Saƙa, "wannan naki ne. Fikis ne."

"Ko ma mene ne, ɗan nan, matsa ka ba mu wuri."

Muna tattara kaya muka ji Gwaggo ta ce a ƙaro mata abinci. Sannan ta rage murya, wai don kada mu ji, suka fara da zancen hularsa.